Garaɓasar Banki: Wa Ya San Yawan Ƙuri'un?

Da an doshi ƙarshen shekara, sai saƙonnin bankuna su yi ta shigowa waya: ajiye dubu goma ka shiga gasa, yi sayayya da katinka sau biyar ka ci mota. Abin ya daɗe a Najeriya. Tun 2008 tsohon bankin Diamond ya ɓullo da tsarin garaɓasa na DiamondXtra, bankin Access kuma ya ci gaba da shi bayan haɗewarsu a 2019. Yau kusan kowane banki da tasa garaɓasar.

Banki ba sadaka yake rabawa ba. Da kuɗin da ka ajiye yake ba da rance a kan ruwa mai tsada, kuma duk sayayyar da aka yi da kati akwai kamashon da ke shiga aljihunsa. Motar da aka ɗaura wa ƙyalle a ƙofar reshe kuɗin talla ce, kuma wannan ba laifi ba ne a kasuwanci. Inda gizo ke saƙar shi ne banki ya san lissafin gasar daga farko har ƙarshe, mai ajiya kuwa hoton motar kawai ya gani.

Ɗauki gasar da kowace naira dubu biyar ke ba mutum ƙuri'a ɗaya. Mai shayin da ya matse ya bar dubu biyar yana da ƙuri'a guda. Dillalin hatsin da ya ajiye miliyan biyar yana da dubu. Talla ɗaya suka ji, an ce kowa na iya ci, amma damarsu ko kusa ba ɗaya ba ce. Ga tambayar da ba kasafai ake amsawa ba: ƙuri'u nawa ne gaba ɗaya a cikin kwamfutar da ke fitar da mai nasara? Idan ba a faɗi wannan adadi ba, babu mai iya auna ko shigarsa na da amfani. Gasar kashe kuɗi ta fi ta ajiya haɗari, don mai ajiya ko bai ci ba kuɗinsa na nan, wanda kuwa ya sayi abin da bai buƙata domin cike sharaɗi ya riga ya yi asara.

Sai sharuɗɗan da ake rubutawa da ƙananan haruffa, galibi da Turanci zalla, alhali da Hausa aka yi tallar a rediyo. A can ne ake ɓoye cewa cire kuɗi kafin wa'adi na soke ƙuri'a, ko cewa banki na iya sauya ƙa'ida duk lokacin da ya ga dama.

Doka ba ta bar abin kara zube ba. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa, tana sa ido kan irin waɗannan gasanni, Babban Bankin Najeriya kuma yana da sashen karɓar koken abokan hulɗar bankuna. A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ikon kula da harkar ƙuri'ar sa'a na jihohi ne, ba na tarayya ba, in ban da Abuja. Sai dai zaman jami'in hukuma a wurin fitar da ƙuri'a bai wadatar ba idan ba a binciki jerin sunayen da aka loda tun farko ba.

'Yan damfara ma sun samu ƙofa. Duk wanda ya kira ya ce ka ci kyauta, ka turo lambar sirri ko kuɗin sarrafa takarda, ɓarawo ne. Mai gudun riba da caca kuma ya tambayi malaminsa tun kafin ya shiga gasar.

Jama'a, kafin ku matse cefanen gida saboda mota, ku je reshe ku nemi sharuɗɗan a rubuce, ku tambayi ranar fitar da ƙuri'a da inda ake wallafa sunayen waɗanda suka ci. Bankin da ya ƙi amsa wannan, ku bar masa gasarsa.