Ba Kowace Shara Ce Shara Ba

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, a rangadin da nake yi na azuzuwan yaƙi da jahilci a Cadawa da ƙauyukanta, na lura da abu guda. Duk abin da aka share daga gida, sai a ce da shi shara, a zuba shi wuri ɗaya. Alhali kuwa Hausa ta ba kowane iri sunansa. Wanda ya san sunan abu, zai san inda ya kamata ya kai shi. Wani gona ce wurinsa, wani na dabbobi ne, wani kuwa cuta ce.

Shara da juji

Kalmar shara ta fito daga sharewa. Aikin da ake yi da tsintsiya shara ne, abin da tsintsiya ta tara shi ma shara ne. Wurin da ake zuba ta shi ne juji. A nan ƙasar Maradi mun fi cewa jibji, mutanen Kano kuwa bola suke cewa.

A da, abin da ke cikin juji duk mai ruɓewa ne: toka, kashin awaki, ganye da sauran abinci. Saboda haka iyayenmu ke kwashe shi kafin damina su kai gona. Yau juji ya canza. Akwai leda a ciki, da fasassun kwalabe, da batir ɗin tocila, wanda muke kira pil. Wanda ya ɗora wannan a amalanke bai tsince ba, ya kai wa gonarsa taki da illa tare.

Abin da gona ta bari

Kara, ƙaiƙayi, dusa, harawa da ɓawon gujiya ba shara ba ne. Dusa da harawa abincin dabbobi ne, kowa ya san kuɗinsu a kasuwa idan rani ya yi tsawo. Kara idan aka bar shi kwance a gona, yana tare iska kada ta kwashe ƙasa. Gara tana cinsa, tana huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Ƙaiƙayi da ɓawo kuwa suna ruɓewa su zama taki. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Noman aya, wanda aka san Cadawa da shi, yana gajiyar da ita ƙwarai. Mai ƙone waɗannan abubuwa abincin gonarsa yake ƙonewa.

Ɓaraguzai, kango da kufai

Ɓaraguzai su ne gutsattsarin ginin da ya rushe. Kango shi ne gidan da ya lalace, babu kowa a ciki. Kufai kuwa wurin da gari ko gida ya taɓa zama, mutane suka tashi. Manoma sun san kufai da yin hatsi mai kyau, domin toka da kashin dabbobi na shekaru suna cikin ƙasarsa.

A daminar 2024 ruwa mai yawa ya rusa gidaje da dama a jihar Maradi. Ɓaraguzan ginin ƙasa ba asara ba ne gaba ɗaya. Ana iya farfasa su, a kwaɓa, a sake buga tubali, ko a cike ramin da ruwa ke kwanciya a ƙofar gida. Amma idan aka bar su jibge, kunama da maciji na ɓuya a ciki, yara kuma su mai da kango wurin bahaya.

Tarkace

Tarkace su ne tsofaffin kaya barkatai: tsumma, sakaina, gwangwani, tsohuwar taya, guntun ƙarfe. Ƙarfe da dalma ana sayar wa masu saye. Gwangwani da taya kuwa suna tara ruwan sama, sauro ya yi ƙwai a ciki, ya kawo zazzaɓi. Ƙusa ko kwalba idan ta yanke yaro, a wanke ciwon da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita, saboda cutar sarƙe-haƙora.

Leda ba ta ruɓewa. Akuya tana cinta, ta cushe mata ciki, ta rame har ta mutu. Mahauta sun sha ganin leda a tumbin dabba. Tun a watan Nuwamba na 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da leda mara kauri da sayar da ita, amma har yanzu tana rataye a ƙayoyinmu.

Dauɗa da ƙazanta

Dauɗa ita ce ta jiki da tufafi, sabulu ne maganinta. Ƙazanta ta fi ta haɗari: kashin mutum, mushe da ruwan da ya yi wari. Ƙuda na sauka a kanta, ya tashi ya sauka a tuwo. Ruwan sama kuma ya kwashe ta zuwa rijiya ko tabki. Ta wannan hanya zawo da kwalara ke yaɗuwa. Mun ga annobar kwalara a jiharmu a 2018, ta fara daga wajen Madarunfa, ta kuma dawo a 2021. Kashin jariri ma ƙazanta ce, salga ce wurinsa, ba juji ba.

Abin da za mu yi

1. A raba shara tun daga gida: mai ruɓewa daban, mara ruɓewa daban.

2. A haƙa rami mai zurfin mita 1 nesa da rijiya. A riƙa zuba ƙaiƙayi, ganye, kashin dabbobi da toka hawa-hawa, ana yayyafa ruwa. A juya shi duk bayan mako 2. Cikin wata 3 zai yi baƙi ya yi laushi, ya zama taki.

3. Leda, kwalabe da batir a tara su a wani rami dabam, inda yara da dabbobi ba sa kai wa. Kada a ƙona leda kusa da gida, hayaƙinta na cutar da ƙirji.

4. Gwangwanin maganin ƙwari kada a sa ruwa ko mai a cikinsa, ko da an wanke. A huda shi, a binne nesa da rijiya.

Gobe da safe, kafin a zubar da abin da tsintsiya ta tara, a tsaya a duba, a kira kowane abu da sunansa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.