Yadda yaran shago ke koyon sana'a a harkar shinkafar Kebbi

Da zarar noman rani ya kankama a fadamar Gulbin Rima, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, shagon mai gyaran injin ban-ruwa ba ya rabuwa da jama'a. Manomin da injinsa ya tsaya cikin zafin watan Maris ba ya jiran gobe, don 'yan kwanaki babu ruwa shinkafa ta fara ƙonewa. Sau da yawa kuma ba maigidan ke kwance injin ba, yaronsa ne.

Tun da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aiki ya ƙaru wa masu gyara, masu walda da masu ƙananan injinan casa. Akasarinsu a shago suka koya.

Tsarin sananne ne. Uba ya kai ɗansa ya damƙa wa oga amana. Yaro ya fara da shara, aike da miƙo sifana. Sai ya daɗe yana kallo kafin a bar shi ya wanke fulogi. A wurin casa, da kunne yake koyon ƙarar inji, da haƙori yake gwada ko shanshera ta bushe, don idan da sauran danshi ko ta bushe fiye da kima, ƙwaya kakkaryewa take, mai kaya ya yi asara.

Abin da ba a cika koya masa ba shi ne lissafi: kuɗin mai, kuɗin kayan gyara, yadda ake yanka farashi da rubuta bashi. Wani ogan ma da gangan yake riƙe wannan, tsoron kada yaro ya buɗe shago kusa da shi ya janye masa kwastomomi. Shi ya sa ake samun gwanin gyara da aka yaye, jarinsa ya karye cikin shekara guda.

Sai batun takarda. Akwai manyan kamfanoni a kusa, Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, amma babban kamfani yakan nemi shaida, yaron shago kuwa hannunsa ne kawai shaidarsa. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na ba da takardar gwajin sana'a, hukumar NBTE kuma na da tsarin tantance ƙwarewar da mutum ya samu a bakin aiki. Sai dai zuwa gwaji na nufin yaro ya bar shago na wasu kwanaki, a lokacin da layin injinan manoma ke jiransa.