Ko Kun Sani?

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta shafe shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar Firimiyar Najeriya, daga 2003 har zuwa 2015 da Nasarawa United ta ci ta 2-1 a filin wasa na Sani Abacha. A tsakanin nan ta ɗauki kofin gasar sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Zamanin ke nan da magoya bayanta, masu kirarin "Sai Masu Gida", ba sa gajiya da ba da labarinsa.

Amma zafin kishin nasu ya sha jawo wa ƙungiyar asara. A watan Afrilun 2022, a wasan hamayya da maƙwabciyarta Katsina United, 'yan kallo suka kutsa cikin fili ana canjaras babu ci, aka tsayar da wasa, aka kuma farfasa motar baƙin. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars naira miliyan 9, ta zabtare mata maki uku, ta mayar da wasanninta na gida Abuja. Hukuncin bai yi tsanani ba, ganin irin ɓarnar. A ƙarshen kakar ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu.