Ƙaramin Aibi, Babbar Hasara: Yadda Ake Tsare Lafiyar Matafiya A Filin Jirgin Bauchi

Kowace shekara idan lokacin aikin Hajji ya gabato, maniyyata daga Katagum da Misau da Ningi da sauran sassan jiha sukan hallara a filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, wajen birnin Bauchi, wanda aka gina a zamanin Gwamna Isa Yuguda. Galibinsu ba su san cewa lafiyarsu ta rataya ne a wuyan waɗansu ma'aikata da ba sa gani ba, watau makanikai da masu duba yanayi da 'yan kwana-kwana.

Masana sha'anin jiragen sama sun daɗe da gane cewa babban hatsari ba ya faɗowa haka kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya sami alhazan Nijeriya a Jidda ran 11 ga watan Yuli, 1991, ya isa misali. Jirgin, ƙirar DC-8, haya aka ɗauko shi daga Kanada, ya tashi zai nufi Sakkwato. Tun kafin ranar an lura iskar waɗansu tayoyinsa ta ragu, makanike kuwa ya nemi a ƙara musu, amma aka ƙi don gudun jinkiri. Tayoyin suka fashe yana cikin gudu a ƙasa, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgin tare da wutar. Mutum 261 da ke ciki duka suka riga mu gidan gaskiya.

Domin toshe irin wannan kafa ne Ƙungiyar Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta tattara ƙa'idodinta na tsaro wuri guda a 2013, a cikin kundin da ta kira Rataye na 19. Tsarin yana bisa ginshiƙai huɗu: shugabanni su rubuta manufa su ɗauki alhakinta; a riƙa neman abin da zai iya jawo hatsari a auna girmansa; a bi sawu a tabbata maganin da aka yi ya ci; sa'an nan a horar da ma'aikata. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke sa ido a kan wannan.

A Bauchi abubuwan lura a fili suke: hazon hunturu mai rufe ido, guguwar farkon damina, tsuntsaye da dabbobin da kan kutsa filin, da kayan aiki. Cikin watan Disamba, 2015, fasinjojin wani jirgi sun sauka a filin ta kan tsani, don ba a sami matakalar da ta dace ba. Ba wanda ya ji ciwo, amma duk da haka NCAA ta binciki maganar, ta hukunta kamfanin. Manufar tsarin ke nan: ba a jira sai an zubar da jini.

Sai dai fa tsari a takarda ba ya tsare rai. Ƙarfinsa yana ga ƙaramin ma'aikaci ya iya faɗin aibin da ya gani ba tare da tsoron kora ba, babba kuma ya saurara. Fasinjoji su ma suna da nasu rabo. In an ce jirgi ya dakata saboda hazo ko gyara, haƙuri ya fi hayaniya, gama matsin lambar a tashi da wuri shi ne ya halaka alhazan 1991.