Ko ka sani? Kwamfuta ba ta san musaya ba

Duk saurin kwamfuta, galibi ba ta iya sauya wa abu biyu wuri sai ta fara riƙe ɗaya a gefe. Aikinta kwafi ne da rubutu. Kowane gurbi a ƙwaƙwalwarta kamar allon almajiri yake: ko sau dubu aka karanta, rubutun na nan, amma sabo ba ya hawa sai an wanke na da. Da yawa daga cikin kurakuran da masu rubuta manhaja ke fama da su wajen musayar abubuwa tsakanin jeri biyu daga nan suke tasowa, kuma a ganina dora wa na'urar laifi zalunci ne.

A ɗauki ɗan kasuwa mai shago a Kantin Kwari cikin Fagge da wani shagon a kasuwar Sabon Gari, manhajarsa na riƙe da jerin kayan kowane shago. Gurbin farko na Kwari shadda, na Sabon Gari atamfa, yana so a musanya. Mai shirya manhajar ya rubuta umarni biyu: a sa na Sabon Gari a gurbin Kwari, sannan a sa na Kwari a gurbin Sabon Gari. Umarnin farko ya riga ya shafe shaddar, na biyu kuwa atamfa ya tarar, ita ya kwafa. Sai a ga atamfa a jeri biyu, shadda ta ɓace a lissafi alhali bandir-bandir ɗinta na jibge a shago. Da an ajiye ta a gurbi na uku tun farko, da babu wannan.

Wani zai ce ai harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, da layi ɗaya yake musaya. Haka ne, amma ɓoye ajiyar ya yi: yana karanta duka biyun ya riƙe, sannan ya rubuta. Akwai kuma tsohuwar dabarar XOR da ake alfahari da ita don ba ta neman gurbi na uku. Tana aiki da lambobi, sai dai ranar da gurbin biyu suka zama ɗaya, sifili take bari.

Kuskuren da ya fi wahalar kamawa shi ne wanda ba ya ɓatar da komai. Idan aka sa manhaja ta bi shaguna bibbiyu, za ta iya haɗa Kwari da Sabon Gari, can gaba ta sake haɗa Sabon Gari da Kwari. Musaya ta biyu ta warware ta farko, jumla ta cika, kwamfuta ba ta koka ba, kaya kuma ba su motsa ba. Haka nan a Python, cewa wannan jeri daidai yake da wancan ba ya samar da kwafi, suna biyu ne kan abu ɗaya, duk abin da aka taɓa a nan ya taɓu a can. Shi ya sa ƙwararru ba sa gwaji da kaya dubu. Sukan sa abu uku a kowane jeri, su rubuta a takarda abin da ya kamata ya fito, su sa manhajar ta nuna jerin biyu bayan kowane mataki, suna tuna cewa daga sifili take fara ƙirga gurabe.