Daga Dokin Sarki Zuwa Rancen Banki

Yau ina so mu duba hanyar da dukiyar hukuma ke bi ta kai ga masu fasaha, watau mawaƙa da marubuta, yadda take a dā da yadda ta koma. Na san malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ni kuwa ba fatawa na zo bayarwa ba. Amma rubutacciyar waƙa gadonmu ce, gama da ita Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u suka karantar da jama'a.

A zamanin En'e sarakuna da hakimai ke riƙon mai fasaha. Mu mutanen ƙasar nan ba sai mun nemo misali daga nesa ba. Sa'idu Faru, mutumin ƙasar Maradun, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo ne, wanda ya riƙe Talatar Mafara. Musa Ɗanƙwairo kuwa, haifaffen Bakura, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya rasu a 1991. Abin da irinsu ke samu shi ne doki da riga da rawani, da damman hatsi in kaka ta yi. Aibin wannan hanya, mai ci a hannun sarki ba ya faɗin laifin sarki. Alherinta kuwa, kyauta ce, ba mai bin sa bashi. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, baitulmali ya fita daga hannun sarakuna, sai wannan rijiya ta soma ƙafewa.

Gwamnati ma ta taɓa sa hannu a inda ya kamata. A 1933 aka yi gasar ƙaga labari a Zariya, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A 1954 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar NORLA, ta buga waƙoƙin malamai da boko da ajami, ana sayarwa a kasuwa da araha. Har jaridun larduna ta fitar, tamu ta Lardin Sakkwato ita ce Zaruma. Sai dai ba ta yi tsawon rai ba, a 1959 aka rufe ta.

Sa'an nan kuɗin man fetur suka zo. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa majalisar fasaha da al'adu ta ƙasa, a 1977 ta yi bikin FESTAC a Ikko, aka yi hawan daba a Kaduna. Dukiya ta zuba kamar ruwan Agusta, amma biki na wata guda ne, da aka watse kowa ya koma gidan jiya. A 1991 aka yi dokar kafa asusun taimakon masu fasaha, ita kuma ta tsaya a takarda.

Daga baya sai akala ta juya wajen abin da ke kawo riba. A 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ware wa masu shirya fim naira biliyan 3. A 2019 Babban Banki ya fito da rance ga masu fim da kiɗa da ɗinki da aikin kwamfuta, da kuɗin ruwa har kashi 9 cikin 100. A 2023 aka yi wa fasaha ma'aikata tata ta kanta. Ba na hassadar kowa, Allah ya amfana. Amma fa ku duba, an tashi daga kyauta an koma bashi. Malamin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, ya ƙawata shi da zayyana, ina zai sami jingina? Ko ya samu, yaya zai karɓi rance mai ruwa, alhali shi ke karantar da haramcinsa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da ƙauyukanmu ke ciki. Mutane da yawa sun bar gidajensu saboda 'yan bindiga, mai gudun tsira da rai kuwa ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Wani dattijon malami da na sani ya koma garinsu bayan damina, ya tarar ɗaki ya rufta, gara ta cinye waƙoƙin wa'azi na kakansa. Ba wani kwafi nasu a ko'ina.

Saboda haka ina roƙon wakilanmu da ke Abuja da Gusau abu uku. A tura masana su ɗauki hoton takardun da suka saura, a bar wa masu su kayansu. A naɗi muryar tsofaffin da suka hardace waƙoƙi tun suna da rai. A kuma ware wani kaso na kyauta, ba rance ba, domin buga littattafan ajami masu araha, kamar yadda NORLA ta yi. Fim ɗin da bai sami kuɗi bana ba, yana iya samu baɗi. Takardar da gara ta ci kuwa, ta tafi ke nan.

Allah ya ba shugabanninmu ikon ji, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.