Kwalbar Wanke Injekta Ba Ta Maganin Kowace Cuta

Maganin wanke injekta da ake zubawa a tankin mota yana da amfani, amma an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Kafin direba ya saya, ya kamata ya san irin injin da ke ƙarƙashin bonet ɗinsa, domin injekta suna ta tara. Tun da kamfanin Bosch ya sa tsarin D-Jetronic mai aiki da lantarki a motar Volkswagen a 1967, injekta ta yi ta ture kafireto har ta kore shi. Yawancin motocin Kwatano da ke titunanmu suna fesa fetur ne a bayan bawul ɗin shigar iska, da matsin bar 3 zuwa 4, wato kaɗan ya ɗara na iskar taya. Masu fesawa kai tsaye cikin silinda, irin wanda Mitsubishi ya fitar a 1996, sukan kai bar 200 a yau, wasu har 350. Injin dizal na zamani kuwa yana haura 2,000.

Wannan bambanci shi ke nuna iyakar kwalbar. A tsarin farko, fetur yana wanke bawul duk lokacin da ya wuce, don haka magani mai sinadarin PEA yakan narkar da dattin da ya daskare a bakin nozul da bayan bawul. A tsarin fesawa kai tsaye, mai ba ya taɓa bayan bawul ko kaɗan. Tururin baƙin mai ya yi ta taruwa a wurin har ya zama gawayi, motar ta fara rawa a silo, kuma ko kwalba goma aka juye a tanki ba za ta isa can ba. Dole bakanike ya kwance ya kankare. Wani zai ce ai ya zuba kuma motarsa ta saki jiki. Ba ƙarya ya yi ba, dattinsa ne bai yi nisa ba. Amma yashi da tsatsa da ruwa ba sa narkewa, kuma su ne ke biyo man bumburutu da ya kwana a jarka a bakin titi, ƙura na sauka a mazurari. Ramukan nozul da ƙyar ido ke ganinsu, kuma iya ƙarfin matsi iya ɓarnar da ƙwayar yashi ɗaya za ta yi. Gidan mai ma ba tabbas ba ne: a Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun amince cewa an shigo da fetur mai methanol fiye da kima.

Idan mota na jijjiga ko shan mai, abin yi shi ne a auna matsin famfon mai da geji, a duba filta da filogi, sannan a cire injektocin a ɗora su a na'urar gwaji. Wadda ke feshi kamar hazo lafiyarta ƙalau. Wadda ke ɗiga bayan an kashe ta, in wanki bai gyara ta ba, sai canji.